Taswirar da na zana da jan biro

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Lafia, ina haya da wani abokina a ɗaki ɗaya a Akurba. Bafulatani ne, iyayensa na kiwo a wajen Doma, kuma shi ne na farko a gidansu da ya wuce sakandare. Shi shiru-shiru ne. Ni kuwa, waɗanda suka san ni a nan sun sani, bakina ba ya hutawa.

Wata rana a wajen mai littattafan gwanjo na bakin kasuwa na tsinci wasu littattafan Turanci guda biyu, bangonsu duk ya yage. Labarin takubba ne da matsafa da dodanni masu aman wuta. A shafin ƙarshe aka rubuta cewa daga wani wasa aka ciro labaran: a zauna a kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa da jarumin da yake wakilta, in an zo faɗa a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Muka karance su cikin mako guda, sai musu ya tashi.

Duka biyun labarin tafiyar wasu abokai ne, kuma a kowanne an kama ɗaya daga cikinsu. A na farko, shugaban tafiyar ya koma shi kaɗai cikin ganuwar abokan gaba ya fito da mutuminsa. A na biyu, shugaban ya tsaya daga nesa yana kallo, ya juya ya tafi, ya rayu har tsufa abin yana cin sa. Ni na farkon ne nawa. Na ce wanda ya rubuta na biyun ba shi da zuciya, ɓata takarda kawai ya yi.

Abokina ya ce, "Na farkon ya fi daɗi. Amma mai na biyun ya san mutane."

Na ce, "Wane irin mutane? Wallahi ni ne, ko wuta ake yi sai na koma."

Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya sa."

Daga nan muka ce mu ma sai mun yi wasan. Ba mu da littafin ƙa'idojinsa, sai muka ƙirƙiri namu, ni ne mai ba da labari, don wa zai ƙwace min wannan kujerar? Sai dai lalaci ya hana ni ƙago sunayen garuruwa. Na yagi takarda babba na zana ƙasarmu: ga Lafia, ga Agyaragu, ga Doma, ga rafi da gada. Na ja kibiyoyi da jan biro, na rubuta da Hausa ɓaro-ɓaro: mayaƙa arba'in ta nan, a ƙona gada, a fara kashe masu gadi. Dodanni nake nufi. Abokina ya ce rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa, ya sa takardar a jakarsa zai sake kwafe ta da kyau.

A lokacin ana zaman ɗar-ɗar tsakanin manoma da makiyaya a ƙauyuka, har 'yan bangar unguwa sun sa shinge a bakin layinmu. Mun san da haka sarai, amma ko sau ɗaya hankalinmu bai haɗa shingen da takardar ba.

Wata rana muna dawowa bayan la'asar, na tsaya shago sayen ruwan leda, shi ya yi gaba. Ina juyowa na ga 'yan bangar sun zazzage jakarsa, babbansu na riƙe da taswirar yana karantawa da ƙarfi. Kafin ya kai ƙarshe mutane sun taru.

Abokina yana ta cewa, "Oga, wasa ne. Wasan labari ne."

Babban ya ce, "Wasa ko? Kai da waye kun zana wannan?"

Titi ne kawai tsakaninmu. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa ya ce, "Ni kaɗai ne."

Suka rufe shi da duka. Ni ina tsaye da ledar ruwa a hannu. Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa sanin ina da irinsa ba. Zuciyata tana ce min in na tsallaka mu biyu za a kashe, kuma na yarda da ita da sauri, don abin da nake so in ji ke nan. Wani dattijo mai sayar da doya ne ya faɗa kansa ya kare shi da jikinsa, har motar jami'an tsaro ta zo ta tafi da shi.

Kwana tara ya yi a tsare. Kullum sai in ce gobe zan je in ce rubutuna ne, gobe ta yi in sami dalili. A rana ta biyar na kwashi littattafan da ɗan ludon na kai wa wani malaminmu, na yi masa bayani, na roƙe shi ya je wurin jami'an tsaron. Har da cewa don Allah kada ya ambaci sunana. Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓa.

An saki abokina, amma kunnensa na hagu ya daina ji. Mahaifinsa ya ce karatun ya isa haka, ba zai bar ɗansa a inda takarda za ta sa a kashe shi ba.

Ranar da ya zo kwashe kayansa, malamin ya riga ya dawo min da littattafan, suna kan katifa. Na zauna ina jira ya ce ai ya faɗa min. Da ya faɗa, da na ji sauƙi. Sai ya sa hannu ya ɗauki na farkon, wanda yake cewa daɗi kawai gare shi.

Ya ce, "Bar min wannan. A can ciki shi na riƙa tunawa. Duk sanda aka buɗe ƙofa sai in ɗaga kai."

Na fara cewa ya yafe min. Ya juyo min da kunnen dama ya ce in sake faɗa, bai ji ba. Na sake. Ya ce, "Ba komai, ya wuce," ya ɗauki jakarsa.

Yau yana can yana kiwo, da iyalinsa, muna gaisawa da salla. Bai taɓa tayar da maganar ba. Ni dai tun daga lokacin na daina rantsuwa a kan abin da zan yi in an shiga uku, kuma in na ji wani yana yi ba na masa dariya, tausayinsa nake ji. Littafi na biyun yana nan a cikin akwatina. Na sake karanta shi sau ɗaya bayan wasu shekaru, har na kai inda shugaban ya tsaya daga nesa yana kallo. A nan na rufe shi, don sauran labarin na riga na san shi.