Mai Ƙwai da Akwatin Auta

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Yuni, babban ɗanki ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya tsaya a bakin zaure bai shigo ba. Ina ganin fuskarsa na nemi bango na dafa. Ya ce, "Inna, Mama ta cika." Jinyar ba ta yi tsawo ba, kuma an ce da kalmar shahada a bakinki kika tafi. Alhamdu lillahi.

Duk unguwar nan Mai Ƙwai ake ce miki, ni kuwa Yaya nake kiran ki, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tun da maigidanki ya rasu kika ɗauki makullin tsohuwar motarsa, kika ci gaba da kai wa shaguna ƙwai. Masu dariya sun yi har sun gaji. Ba a taɓa ganin kin yi gudu ba, kuma ba a taɓa jin kin makara ba. Ƙwan da ya tsage a hanya ba kya sayar da shi, gidajen marayu yake shiga. Mata nawa kika kai asibiti suna naƙuda, ba ki karɓi ko na mai ba? Ni kaina, lokacin da na shiga ajin koyon karatu na manya da furfura a kaina, kunya ta hana ni bin titi da allo da littafi. Ke kika riƙa ɗauka ta, in an tambaya ki ce kasuwa za mu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafiyarmu wajen Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yata. Da ta gama karatun ungozoma aka tura ta wani ɗan asibiti can bayan duwatsu, sai an ratsa hamada kafin a kai. Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. In waya ba ta shiga ba, in ce wani abu ya same ta. In ta shiga na ji muryarta ta ɗan dushe, in ce ciwo take ɓoye mini. Abinci ya daina shiga cikina. Wata rana na ce mata ta ajiye aikin ta dawo gida. Sai ta ce, "Inna, in kin matsa zan dawo, ba zan saɓa miki ba. Amma ina son aikin nan." Ban saurari rabin maganar na ƙarshe ba. Na je na sayo babban akwati wanda zan kwaso kayanta a ciki. Babanta ya ce in bar yarinya ta yi aikinta, yayyenta suka ƙi kai ni. Sai na zo miki da kuka.

Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika dubi akwatin, kika dube ni, kika ce, "Shiga mu je. Ƙwai ba za su ƙyanƙyashe kafin mu dawo ba."

Ban taɓa ganin duwatsu irin waɗannan ba. Hanya ta yi ta naɗewa a jikinsu, dama bango, hagu rami wanda ba a ganin ƙasansa. Kika ba ni aikin karanta allunan gefen titi, wai in gwada bokona. Na karanta na farko da alfahari. Na biyu ya ce a yi hattara, duwatsu na gangarowa. Na ƙanƙame kujera ina salati, na ce da ban iya karatu ba da na wuce nan hankalina kwance. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce, "Ke dai Uwar Auta! Ni da nake ɗaukar ƙwai shekara da shekaru, ke ce za ki fashe mini a hanya?"

Haka kike tuƙi, kamar ƙwan suna baya. Kafin kowane hawa sai kin tsaya, injin ya huce, ki zagaya ki taɓa tayoyi da ƙafa, mu sha ruwa. A wani tudu muka zauna a kan dutse muna kallon gajimare a ƙasa da mu. Iska mai sanyi tana kaɗa mayafinmu. Na daɗe ban ji numfashina ya sauka har ciki ba sai ranar.

Tun a garin farko kika fara ƙorafin akwatin. Kika ce wofi ne, yana ta ƙwaramniya a baya yana hana ki jin muryar injin, dole a sa masa abin da zai danne shi. Kika shiga kasuwa kika fito da bargo. A gari na gaba kika ce har yanzu yana motsi, kika ƙara butar shayi da kofuna. Can gaba labule mai ruwan ganye, da madubi, da fitila mai caji da rana, da 'yar tukunya. Ni ban kawo komai a raina ba. Hankalina yana kan ramuka da alluna.

Da muka sauko daga duwatsu sai ƙasa ta buɗe. Babu itace, babu gida, sai rairayi da sama. Na ce, "Yaya, a nan 'yata take zaune?" Kika ce, "A nan ma ana haihuwa." Da rana ta take, muka kauce wa wani rami, tayoyin baya suka nutse. Ni na riga na fara yafe wa mutane. Ke kuwa kika sauko ba gaggawa, kika rage wa tayoyi iska, kika kwaso kwalayen ƙwai da ba sa rabuwa da motarki, kika jera su a ƙarƙashi. Kika ce, "Tura, ƙanwata, ai fargaba ma ƙarfi ce." Na tura, mota ta fita, ni na kifa da fuska cikin rairayi. Muka zauna a inuwar motar muna shan shayi, muna dariya kamar 'yan mata, babu mai jin mu sai Allah.

Mun tarar da Auta a bakin aiki. Ta fito tana goge hannu, ta yi baƙi, ta ɗan rame, amma idonta tar. Mata a kan benci suna ta kiran ta, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana sa mini albarka. Da ta ga akwatin sai fara'arta ta ɗauke. A ɗakinta, taga babu labule, kofi guda ɗaya a kan tebur. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki ba ni kwana biyu in miƙa aiki."

Kafin in buɗe baki kika ce, "Buɗe akwatin tukuna, 'yar nan. Uwarki ta yo miki tsaraba."

Ta buɗe. Ta ɗago labulen, ta ɗago bargon, ta shafa butar. Sai a lokacin na gane abin da ke ciki: babu abu ɗaya na matafiyi, duk kayan mai zama ne. Ta dube ni ta ce, "Inna, ke kika sayo?" Na waiwaya gare ki. Kina can kina duba rufin ɗaki kamar ba ki san da mu ba. Ba ki tilasta mini ba, Yaya. Da na so, da na zazzage kayan na ce ta haɗa nata. Na dubi fuskar yarinyar nan, na ce, "Nemo mana ƙusa mu rataya labulen."

A hanyar dawowa ba ki ta da maganar ba, kuma har kika koma ga Allah ba ki taɓa gaya wa kowa ba. In Auta ta yi mini godiyar labule a gabanki, sai ki ce ai uwarta ta iya zaɓen kaya.

Har yau Auta tana can, kuma tsakanina da ita babu tabo. Da ta ji rasuwarki ta ce lallai sai ta zo ta gai da 'ya'yanki. Yanzu haka tana kan hanya. Na san rairayin da za ta ratsa, na san duwatsun da ramin da ke hagunsu. Zuciyata ba ta daina bugawa ba, don hali ba ya sakin mutum. Amma ga waya nan kusa da ni, ban dame ta da kira ba. Na yi mata addu'a, na zauna ina rubuta wannan.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Yadda ta ɗauki bayinKa a hankali ta sauke su lafiya, Ka sauke ta a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta da jikokinta, da ƙannenta, da masu shagunan da suka saba jin tsayuwar motarta, da maƙwabta baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya albarkaci abin da ta bari, ya sa mu cika da imani. Amin.