Gidajen Kalmomin Kakana

Jiya mai ƙosai ta ƙunsa mini ƙosai a wata tsohuwar jarida. Da na buɗe sai ga ƙananan gidajen nan na wasan cika kalmomi, farare da baƙaƙe, mai ya jiƙa rabinsu. Wallahi ƙosan nan bai ciwu ba.

Kakana tsohon ma'aikacin gidan waya ne a Dogon Dutsi. Bayan ya yi ritaya ba shi da wani nishaɗi sai cika gidajen kalmomi na jaridar Faransanci. Jaridar sai an jima take zuwa daga Yamai, a hannun wani direba, kuma su uku ke rabonta: shi, da wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da amininsa na Tibiri. Saboda haka suna da doka. Da fensir ake rubutu, a hankali, in ka gama ka goge tas, na gaba ya samu gidajen a wofi. Kafin ta isa Tibiri takardar ta yi laushi kamar tsumma.

Ina shekara goma sha ɗaya ya fara zaunar da ni a zaure. Amarya yake kirana, ni kuwa in ce na ƙi miji mai furfura. Da farko ban gane komai ba, har kuka nake yi don haushi.

"Kak ki faro daga na hwarko," in ji shi. "Biɗi gajeru. Kuma mai tambayag ga ba ya tahowa kai tsaye, zagaye yakai."

Damina biyu muka yi haka, ruwa na dukan kwano, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa, shi yana fiƙe fensir da reza. Sannu a hankali na fara kamo kalma ɗaya, biyu. Daga baya ma shi ke tambayata, kaina ya kumbura. Na lura jarida guda ta yi mako uku a hannunsa bai miƙa ta gaba ba. Kullum da safe ya cika, ya goge, ya sake, kuma kullum gidajen da yake bari a wofi suna ƙaruwa. Na ɗauka ƙiwar tsufa ce. Ban san gwada kansa yake yi ba, yana duba abin da ya rage masa na tunani.

Wata Juma'a ya tafi masallaci, na ɗauko jaridar na cika ta duka ni kaɗai. Don kada aikina ya gogu, da bik mai tawada na rubuta. Da ya dawo na miƙa masa ina rawar kai, ina jiran faɗa a kan dokar da na karya.

Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa, sannan ya ɗago yana murmushi.

"Kin iya, amarya. Wa yak koya maki?"

Na zaci tsokana ce irin tasa. Na ce, "Ni nik koya ma kaina!" Na fashe da dariya. Innata tana bakin zaure da kwanon tuwonsa, ita ba ta yi dariya ba. Ajiye kwanon ta yi, ta koma ciki da sauri.

Bai ƙara taɓa jarida ba. Kafin wata damina sunana ma ya ɓace masa, sai ya riƙa gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa.

Yanzu ɗiyata a waya take yin wasan nan, in ta maƙale ta danna a ba ta amsa, ba wanda ke jiran jarida. Ba na ganin laifinta. Ni dai abin da ke cina har yau, tambaya ya yi mini da gaske, a lokacin da zai iya jin amsar ya ji daɗi, na ba shi ƙarya. Da na gane na dawo ina ce masa, "Kaka, kai ne ka koya mini," sai ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ɗiyar wa ce ni.