Rigar da Malam Bai Saka Ba

Jiya ina zaune kan tabarma a zauren Malam Garba a Lafagu, mutumin da ya fara koya mana kimiyya a sakandare. Shi ne yake ɗebo ruwan fadama a kwalba mu leƙa ƙananan halittun da ke ciki.

Wata biyu ke nan da na gabatar da laccar zama farfesa, kuma bai zo ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Bayan gaisuwa na ce, "Malam, katin gayyata bai iso ba ne?"

Ya ce, "Na gan shi a wayar ɗiyata. Amma kati na kowa ne, Farfesa. Na ɗinka riga, na zamna ina jiran ka aiko mutum."

Ya nuna mini ita a rataye, ko karin guga bai baje ba.

Ni da ke shugabantar tsangaya, da ƙafata na kai wa shugaban jami'a katinsa. Malamina kuwa ta wayar ɗiyarsa na tura masa.



Ku da kuka yi nisa da gida, wa kuka gayyata ta waya alhali tattaki ya cancanta?