Rabin Wa'azi

Ni dai ban taɓa neman malanta ba, lasifika ce ta jawo mini ita. Tun kafin a ba mu jiha, ni ne mai sa kaset wurin biki a Kaura Namoda. Lasifika biyu gare ni, irin waɗanda in na kunna su bakin tashar jirgin ƙasa sai awakin Zurmi su bar kiwo su saurara. In za a yi aure, ni ake nema kafin a nemi ango. In riƙe makirufo in tsokani dangin amarya, in tsokani abokan ango, har mai rabon goro ba ya tsira. Sunayen da ake kirana da su babu na kirki ko ɗaya, kuma duk ina amsawa.

Da Shari'a ta zo sai kiɗan biki ya yi sanyi. Na tattara kaset-kaset na zuba buhu na tura ƙarƙashin gado. Amma lasifika ba ta yi laifin komai ba, wa'azi ma yana son a ji shi nesa. Wani malami mai koyarwa a Kaura, ɗan gidan alƙalai, shi ya ɗauke ni aiki. Mutum ne mai sanyin murya, in yana magana ko na kusa da shi sai ya miƙa wuya. Yau mu tafi Shinkafi, jibi Zurmi, wani satin Birnin Tsaba. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi, ni kuma in hau icce in ɗaure lasifika.

Malam ya ce ba a zama kusa da mai wa'azi da rigar ƙwallo, sai na sayi farar jallabiya. Gemu kuwa lokacin kowa na bari, ni ma na bari, nawa ya fito kamar an zuba mashi taki. Na Malam ɗan kaɗan ne, ana iya ƙirgawa. Kuma ni ke fara magana a makirufo don gwaji, in yi sallama in yi salati, murya ta cika gari. To mutum ya taso daga gona, ya ga mai babban gemu da babbar murya, ga wani siriri can gefe yana goge tabarau. Wa zai durƙusa ma?

Da farko ina dariya ina cewa ga Malam can. Daga baya na gaji da nunawa. Mai shayin da munka shekara goma muna zagin juna ya koma ba ni kofi da hannu biyu. Abokaina in sun hango ni sai su kife ludo. In na fara ba da labarin ƙarya irin na da, kafin in kai wurin dariya wani ya ce "Allahu Akbar", sai in haɗiye sauran. A hankali ni ma na fara tafiya sannu-sannu, ina magana ina shafa gemu. Ba wanda ya sa ni, kallon mutane ne kawai ya yi yawa.

Ga abin da ba su sani ba. Janaretana tsoho ne, ina jin ya girmi layin dogo. Yakan yi rabin awa lafiya, sannan ya fara tari. Shi kuma Malam al'adarshi ya fara da tsoratarwa, nauyin zunubi da zafin wuta, sai can gaba ya zo kan rahama da mafita. Daidai nan ni ina bayan masallaci, baki duk fetur, ina goge filogi ina jan igiya. Wa'azin da na ji sau ɗari na haddace shi tsaf, amma rabin farko kawai.

Wata rana a Sakajiki an tashi, jama'a sun kewaye Malam, ni ina naɗe waya, sai wani dattijo manomi ya zo ya tsuguna gabana.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni."

"Allah ya sa mu sani, Baba."

"Ni da ƙanena munka yi faɗa kan iyakar gona. Cikin fushi na rantse da Allah ƙafata ba ta ƙara taka gidanshi. Yanzu ga shi kwance, ko fura ba ya iya sha da kanshi. In shiga?"

Abin da ya kamata in ce shi ne ga Malam can. Amma mutum uku na tsaye suna kallona, sun riga sun sunkuyar da kai. Sai na shafa gemu na zuba mashi rabin da na sani, cewa sunan Allah ba abin wasa ba ne, mai rantsuwa ya tsare rantsuwarshi. Na faɗa da muryar lasifika, har ni kaina na ji tsoro. Dattijon ya ce ya gode, ya miƙe da ƙyar ya tafi. Ni kuwa kafin mu kai Kaura na manta da shi.

Sati biyar bayan nan janareta ya mutu murus, aka aro mana sabo a Zurmi. Ranar na zauna ba aikin yi, karo na farko na ji wa'azi har ƙarshe, kuma na rantsuwa ne. Na ji Malam cikin sanyinshi yana cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga alheri yana cikin karya ta, to ya karya, ya yi kaffara. Ya ciyar da miskinai goma, in ba hali ya yi azumi uku. A mota na ba shi labarin dattijon Sakajiki. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cire tabarau kawai ya yi ya ce, "Gobe da sassafe ka koma."

Na hau babur na bi hanyar daji. Na iske dattijon zaune bayan darnin gidan ƙanenshi, ya buɗa karare kaɗan yana magana ta kafar. An ce kullum nan yake wuni, har ƙasa ta yi gurbin zamanshi. Daga ciki ana jin tari.

Na ce, "Baba, tashi ka shiga. Ashe akwai mafita, janareta ne ya hana ni ji."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, wancan karon ba haka kac ce ba."

"Baba, ni ba malami ba ne. Mai lasifika ne. Kaset nike sawa wurin biki, ƙila ma ni na sa a bikin ɗiyarka."

"Malaman ƙwarai duk haka su ka cewa, ba su san komai ba. Tausaina kaj ji. Ni ba a kai ni wuta don tausai."

Na yi rantsuwa, na yi raha, na kwaikwayi tarin janareta, ko murmushi bai yi ba. Ƙarshe dai na gyara zama, na ɗaure fuska, na yi salati da babbar murya, na jero mashi kaffara kamar daga littafi nake karantowa. Sai ga shi yana gyaɗa kai.

"Miskinai goma? Ai unguwar nan kaɗai sun fi haka, har da ni."

Ya dafa ƙasa ya miƙe. A bakin zaure ya tsaya ya cire takalmi, ya daɗe yana kallon ƙafarshi, sannan ya shiga. Na ji wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaya, ka zo auna iyaka ne?" Shi kuma ya ce, "Rufe baki ka sha furarka."

Kwana shida ƙanen ya ƙara a duniya. Na je ta'aziyya na nemi can baya kusa da takalma na zauna. Dattijon ya hango ni ya ce a matsa ma Malam ya zo gaba ya yi addu'a. Na tashi na tsallake ƙafafun mutane, na zauna inda anka nuna mini, na ɗaga hannu.