Kusurwar da Ya'ƙub Bai Shafa wa Kwalta Ba

Duk mazaunin unguwar Ard al-Liwa ya san Usɗa Ya'ƙub, wato Ya'ƙub gwanin aikin hannu, in bai san sunansa ba ya san warinsa. Dogo ne, Bahaushen Mai Wurno ta Sudan da ci-rani ya kawo wannan birni, kuma kafin ya shigo wuri warin kwalta ya riga shi sallama. Sana'arsa shafe gindin sabon gini don kada laima ta hau bango. A wasu sababbin gidajen bayan gari akan bar ɗan sarari tsakanin ƙasa da daɓen ɗaki, wanda ba a shiga sai da rarrafe. To, nan ne ofishin Ya'ƙub. Ya shiga da bokiti da buroshi, ya shafe bango, ya shimfiɗa leda, ya liƙa soson tare sanyi, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Yana fitowa a toshe ramin da bulo, shi ke nan. Ba mai ɓata wandonsa ya leƙa.

Da can mutum ne mai raha. Abin da ya kashe masa dariya shi ne ɗakin da suka kama da matarsa Amna, a ƙasan wani bene da ɗan kwangila Husam ya gina. Ko cokali ɗaya na kwalta Husam bai sa wa gindin ginin ba. Bango ya dinga tsatsafo da ruwa, katifa ta yi fumfuna, Amna mai ciwon asma ta kama tari. Ya'ƙub ya taka har wurin Husam, ya ce zai yi aikin kyauta, a dai bar shi ya fasa daɓe.

Husam ya dube shi sama da ƙasa. "Ma'alish, sai haƙuri, ya Usɗa. In ɗakin bai yi muku ba, ga titi nan."

Su je ina? Suka zauna. Sanyin shekarar bai wuce ba sai da ya tafi da Amna.

'Yan'uwa suka yi ta cewa ya bar wa Allah. Ya ce ya bar masa, amma wallahi ƙarya yake yi. Ya tsani Husam tsana mai hana abinci wucewa, ko sunansa ya ji sai ya tofar da yawu.

Shekaru suka ja. Rannan aka ɗauke shi aiki a wani sabon gida a Tagammu, unguwar masu kuɗi ta bayan gari, sai ga mai gidan ya fito daga mota. Husam ne, ya yi tumbi, yana ɗingishi. Bai ma gane Ya'ƙub ba, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya nuna ɗakin ƙasa mai kallon lambu.

"Wannan nawa ne, gwiwoyina sun gaji da hawa bene. Ka gyara min shi sosai."

"Tamam, ya Basha," in ji Ya'ƙub, wato an gama, ranka ya daɗe.

Kai, ya yi aiki! Ko'ina ya shafe tas, sai kusurwar da ke ƙarƙashin ɗakin nan, daidai inda za a riƙa ba ciyawa ruwa. Nan ya bar siminti tsirara, ya sa wuƙa ya tsarge ledar. Ya fito ya jera bulon da hannunsa. Ranar ya ci wake da gurasa har da neman ƙari.

Da sanyi ya kankama ya hau mota ya koma ganin aikinsa. Tun daga titi ya hango laima ta hau bangon, fenti ya kumbura yana zuba. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai. Sai ya ji tari daga ciki, tarin mace, mai shaƙewa a ƙarshe. Ya san irin tarin nan.

Wani saurayi ya fito da jallabiya. Suka gaisa da Larabci, harshe ya tona su, suka koma Hausa. Sunansa Sulaimanu, ɗan Gadarif ta Sudan, shi ne mai gadi.

"Ina Basha?"

"Ai bai tare ba, Kawu. Ka san halinsu, gida sai ya shekara a rufe. Ya ce mu zauna a wannan ɗakin, shi kaɗai aka sa wa ƙofa da taga."

Ya'ƙub ya sani mana. Wane sabon gida ya taɓa yi wa aiki da mai gadi bai riga mai shi kwana a ciki ba? Fushi ne ya rufe masa ido.

"Wa ke tari?"

"Iyalina ce, Samah. Tunda muka shigo take haka. Na gaya wa Basha, ya ce ma'alish."

Ya'ƙub ya juya ya dubi bulon da ya jera.

"Ɗauko min guduma. Zan shiga in gyara."

Sulaimanu ya riƙe masa hannu gam. "Rufa mana asiri, Kawu. In aka taɓa bangon nan titi za mu koma."

A ciki Samah ta sake kama tari.