Rumfar motar kafilina

Jama'a, yau na jiƙa kafilina, ubangidan da nake zaune a Saudiyya a ƙarƙashinsa, sharkaf!

Kun san motarsa mai ɗakin kwana, wadda ake janyo wa rumfar tamfol a gefe. Muna bakin tekun Jidda ruwa ya ɓarke. Rumfa ta cika ta yi tumbi, ƙarafa sai ƙara! Ya zaro wuƙa zai huda ta.

Na ce, "Ya ammi, baffa, dakata!"

Na rage tsawon ƙafar rumfar guda ɗaya, yadda muke karkata rumfar kasuwa a Damagaram da damina. Shaaa! Ruwan duk a kan farar jallabiyarsa.

Ya dubi rumfa, ko ƙwarzane babu. Ya ce, "Iƙamarka saura yaushe?" Wato takardar izinin zamana a ƙasar.

"Wata ɗaya."

"Halas, shi ke nan, gobe kawo mu sabunta."