Furen Albasar Inna Jima

A ƙauyenmu da ke kwari, gabas da Madawa, Inna Jima ce ke fara buɗe ƙofar garka. Da ta sallame sallar asuba sai ta ɗauki ƙwaryar ban ruwa ta gangara. Rijiyar ba ta da zurfi, amma fangalan albasa suna da yawa, kuma kowanne sai ta bi shi ta shayar. Rana na ɗagawa ta dawo da damin lawashi a ka, ta daka, ta dunƙula, ta shanya ya zama gabu. Da yamma idan ta soya gabun nan ta jefa a miya, mai wucewa ta bayan danga kan tuna yana da gaisuwar da bai kai wa mijinta Isaka ba. Isaka ya daɗe da rasuwa, amma masu gaisuwar ba su ragu ba.

Bana idonta ya tafi, ta miƙa garkar ga matar ɗanta, Cima. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da gari ya sani yake nauyin faɗa.

Wanda bai yi noman albasa ba bai san tana da uwa ba. Cikin abin da aka cire, akan ware masu kyau a ajiye, a sake binne su bayan damina. Su ne ke fitar da dogon kara da farin fure a kansa gab da bazara, kuma cikin furen nan ake samun baƙin irin da za a yafa baɗi. Idan aka cinye uwar, an cinye albasar shekaru masu zuwa.

A farkon shekarun 1930 fara ta sauka, ta share gero, ta bi ta kan ɗanyen yafin garake. Maza suka yi kudu neman abinci, har da Isaka. Mata suka koma jiƙa anza, 'ya'yan wani icen daji, suna cire mata ɗaci. Kowane gida ya sauke uwar albasarsa daga rumfa, wasu suka dafa, wasu suka ba fatake a musanya da ɗan hatsi. Babu mai ganin laifinsu. Jima kuwa ta kwashi tata ta binne a fangali, ta ci gaba da ban ruwa da ciki wofi.

Ganyen tafasa da anza da ɗan gabun da ya rage, da su ta riƙe gidanta. Abin da ta dafa ba ya hana yunwa, yana dai hana mutum faɗuwa, kuma maƙwabta da dama sun sha romon tukunyar nan. Amma da sanyi ya ja baya, fangalinta ya yi fari fat da fure a tsakiyar garin da babu mai ƙarfin dariya, sai ido ya koma kanta. A kwanakin ne ƙaramar ɗiyarta Baraka ta kwanta, ba ta tashi ba. Ko albasar za ta tsare ta, Allah kaɗai ya sani. Yara da yawa sun tafi a gidajen da aka cinye komai.

Maƙwabciyarta Dela ce ta faɗi maganar a bakin rijiya, gaban mata.

"Kin shayar da hure, kin bar ɗiya. Mi za ki ce ma Isaka in ya komo?"

Jima ta cika ƙwaryarta ta wuce fangali. Daga ranar aka laƙaba mata Mai Hure, kuma ba don yabo ba.

Da furen ya ƙosa ta yanke, ta shanya, ta murje, ta sheƙe. Lokacin yafi na zuwa ta bi gida gida da ƙullin iri a bakin zane, kowa ta zuba masa a tafin hannu. Gidan Dela ta fara shiga. Dela ta karɓa kanta a sunkuye. A garinmu ko goro aka ba ka, washegari sai ka koma ka yi godiyar jiya. Wannan karon babu wanda ya koma, don wanda zai ce ya gode sai ya fara tuna abin da bakinsa ya faɗa. Albasar da jakuna ke kaiwa kasuwar Madawa daga kwarin nan yau, jikokin fangalin nan ne, godiyar kuwa har yanzu tana hanya.

Inna Jima, ke ce kika ga baɗi lokacin da kowa ke duban tukunyar yau. Ke kika binne abinci da hannunki kina jin yunwa, kika binne ɗiya, kika koma ban ruwa. Uwar albasa, uwar gari. Ba ki taɓa tuna wa kowa ba, kuma wannan shirun naki ya fi faɗa nauyi a kanmu. Mun gode, Allah ya saka miki, ya jiƙan Baraka. Masu garka, ku riƙa ware uwa ko shekara ta yi kyau. Wanda kuma yake da godiyar da ya ajiye, ya kai ta tun mai ita tana ji.

Dela dai ta kai tata, ta hanyarta. Kwanan baya, da hantsi, Jima na zaune a ƙofar ɗaki tana sauraren ƙudan zuma da ke tasowa daga garake, sai ga Dela da sanda. Ta zauna, suka gaisa, sannan ta ɗora mata wani abu a tafin hannu. Jima ta shafa, ta kai hanci.

"Dela, huren albasa ne. Bai ƙosa ba kinka yanke shi. Wanga ai ɓarna ta."

"Na sani," in ji Dela. "Hwangalina cike yake, na Cima cike, gari duk ya yi hwari. Yanzu muna da na ɓarna, Jima. Shi na zo in gwada maki."

Jima ta daɗe tana juya furen a hannu. Can ta ɗaga murya ta kira matar ɗanta.

"Cima, amshi wanga ki jehwa ga miya, kar ya tahi banza. Ki ƙara gari, Dela nan za ta ci tuwo."